Injin Yaya Asabe da Na Kusa Kashewa a Garwa

Tun da na dawo daga Kamaru ba a bar ni na zauna lafiya a shago ba. Terna mai cajin waya, wanda shagonsa ke manne da nawa a nan Lafia, ya tambaye ni ya fi sau goma. "Injiniya, yaya Garwa? Ka ci kifi?" Abokaina na unguwar Shabu su ma kifin suke tambaya, kamar an gaya musu kamun kifi na je. Na ci kifin, amma da ƙyar ya wuce mini a wuya. Bari in rubuta abin da ya faru sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Sunana Shu'aibu, gyaran kwamfuta nake yi. Yayata Asabe ta yi aure a Garwa shekara goma sha biyu da suka wuce. Mijinta Usmanu yana da injin monogiram, irin wanda kwamfuta ke ba umarni yana yin aikin zare a jikin tufafi. Bana Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da yara uku. Da ta fita takaba sai maganar gado ta taso. Babban wansa, Alhaji Bakari, yana ganin a sayar da injin tun bai ruɓe ba, kada dukiyar marayu ta zama ƙarfe. Ita kuwa ta ce a bar shi a kason yaranta, za ta iya aiki da shi, don ta shekara tara tana zaune a gefen Usmanu tana kallo. Alhaji ya ce to, ranar Juma'a bayan masallaci zai zo ta yi aiki a gabansa. In ta iya, an bar mata. In ba ta iya ba, akwai mai saye.

Ranar Asabar ta kira ni. "Shu'aibu, kwamfuta ɗin yana ta ƙara kamar janareto, in ya yi zafi sai ya mutu. Ba na so in kira mai gyara a nan, kafin ya fita Hamma ya ji labari." Hamma shi ne yadda suke kiran babban wa a can. Na ce mata fanka ce, aikin minti talatin. Na faɗa da irin muryar da nake yi wa kwastoma, wadda ke nuna babu abin da ya fi ƙarfina.

Litinin da sassafe na hau mota zuwa Makurdi, daga can na sami mai zuwa Yola. Mu huɗu aka cusa a kujerar baya, har da wata mata mai bokitin man ja da ta ɗora shi a cinyata daga Gboko, ta ce na minti biyar ne, ban rabu da shi ba sai Wukari. Direban mai son hira ne. Da ya ji sana'ata sai ya miƙo wayarsa baya, yana tuƙi da hannu ɗaya, wai in duba masa abin da ya sa take cin data. Na yi mata ofdet, wato na sabunta manhajojinta, na mayar masa, ya yi ta sa mini albarka har Jalingo. A Yola na kwana a wani masauki kusa da tasha, fankar ɗakin tana juyawa amma iskarta ba ta sauko ƙasa.

Washegari muka nufi iyaka ta wajen Belel. Damina ce, hanyar ta jiƙe, wani wurin mota, wani wurin babur. A ɓangarenmu ba a tsayar da ni sosai ba. A ɓangarensu wani jandarma ya karɓi takarduna da katin rigakafi, ya duba, sannan ya nuna jakata. Ya sa na kunna laftof ɗina. Ni kuma na saba aiki a baƙin allo mai rubutu zalla, shi ya fara fitowa. Ya daɗe yana kallon rubutun, ya kira abokinsa, suka yi ta Faransanci a kaina. Wani dattijo mai sayar da goro da muka taho tare ne ya yi mini tafinta. Ya ce suna tambaya ko ni ɗan damfarar intanet ne. Sai da na fito da sukudireba da sabuwar fanka a leda, na nuna hoton Yaya Asabe da yara, kafin jandarman ya yi dariya ya ce in wuce. Na tattara kayana na wuce.

Na isa Garwa da yamma. Yaya ta rame, abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Ta kawo tuwon masara da miyar yakuwa da kifi. Su a can kuskus suke ce wa tuwo in suna Faransanci, na zauna ina jiran wani abu dabam ashe abin da na baro a gida ne. Da na zo yin caji, filogina mai ƙafa uku ya ƙi shiga bango, nasu ramuka biyu ne zagayayyu. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sanda, ana ɗaure shi a bayan babur ba leda, ɓawonsa na yanka dasashi. Mu a Lafia in burodi ya yi tauri haka mayar wa mai shi ake yi.

Laraba da safe ta buɗe mini ɗakin aiki. Rigunan makaranta ne jibge a kan tebur. A can kowane ɗalibi sai an ɗinka sunansa da zare a ƙirjin rigarsa, ba kamar mu da ake manna bajo a wuce ba, don haka kafin a koma makaranta masu monogiram ba sa hutawa. Maƙwabta sun kawo mata riguna sun fi hamsin saboda mutuncin Usmanu. Na buɗe kwamfutar, na share ƙura, na canza fanka. Ta tashi shiru kamar sabuwa. Yaya ta zauna ta ɗinka suna ɗaya a ƙyalle don gwaji, ya fito tsaf. Da na tashi a lokacin na wanke hannu, da labarin nan na kifi ne kawai.

Sai dai ina da wata al'ada, kuma duk masu gyara na layinmu suna da ita. Kwamfuta ba ta barin hannuna sai na yi mata ofdet, kyauta, don mai ita ya san ya zo wurin wanda ya iya. Na ga babbar manhajar da ke tafiyar da ita Linux ce, tsohuwa, ta yi shekaru ba a sabunta ta ba. Na leƙa baya na ga an liƙe ramin wayar intanet da baƙin salatif, an kuma cire abin kama wayales. Na yi tsaki a raina, na ce Allah ya jiƙan Usmanu, ya iya zare amma bai san kwamfuta ba. Yaya ta tafi kicin. Na haɗa wayata da kebul na ba kwamfutar intanet.

Madannansu ma a juye suke, inda muke da Q su A ce, sai da na yi ta gogewa kafin na rubuta umarnin daidai. Rubutu ya zubo da Faransanci, layi a kan layi, a ƙarshe ta tsaya tana jiran amsa. Na san wannan tsayawar, na gan ta sau dubu da Turanci, kuma rabona da karanta abin da ke samanta na manta. Na danna. Da ta gama na share ma'ajiyar tsofaffin fakitoci, wato gutsattsarin manhajar da ake sa wa kwamfuta, don a sami fili, shi ma cikin al'adar ne. Na sake kunna ta. Komai ya fito fes, sai abu ɗaya. Manhajar da ke magana da injin babu ita.

Na buɗe tarihin abin da kwamfutar ta yi, na riƙa ɗaukar hoton layukan da waya ina fassarawa. A nan na ga abin da ta tambaye ni. Cewa ta yi za ta sabunta fakitoci kaza, za ta kuma cire guda goma sha ɗaya, na yarda? Ni kuma na ce na yarda.

Ga yadda abin yake, don Terna ma ya gane. Kwamfutar ta zamani ce, mai bit sittin da huɗu. Manhajar injin kuwa tsohuwa ce, ta bit talatin da biyu. Ana iya zaunar da su tare, amma akwai ƙananan fakitoci da kowane ɓangare ke buƙatar nasa kwafi, kuma dokar ita ce kwafin biyu su zama lamba ɗaya, kamar takalmin dama da na hagu. Da na ɗaga na sittin da huɗu zuwa sabuwar lamba, dole na talatin da biyu ya bi shi. Manhajar injin kuma ba ta san kowa ba sai tsohuwar lamba. Da kwamfutar ta ga ba za su daidaita ba, sai ta fitar da manhajar. Salatif ɗin da na raina, wannan yake tsarewa.

Yaya ta shigo da shayi ta same ni ina gumi. "Lafiya?" Na ce ƙaramin abu ne, yanzu zan gyara. Ta dubi allon, ta dubi wayata da ke rataye a jikin kwamfutar. Ta ce, "Baban Ummi ya ce kar a taɓa sa masa intanet." Marigayi Usmanu take nufi. Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Fanka na kira ka." Ta ajiye shayin ta fita, kuma wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta nemo mini faifan da ya zo da injin. Na gwada mayar da manhajar, kwamfuta ta ce sai da tsohon fakiti. Tsohon fakiti na talatin da biyu yana cikin faifan, na gwada sa shi, ta ce ba zai zauna ba don ɗan'uwansa na sittin da huɗu ya wuce shi. Na nemi tsohon na sittin da huɗu a intanet, an daɗe da kwashe shi daga inda kwamfutar ke ɗebowa, inda na samu kuma lambar ba ta yi daidai ba. Kwafin da ke cikin ma'ajiya ni na share shi da hannuna. Da kaina ya ɗau zafi bayan la'asar, na yi abin da nake hana masu koyo, na tura fakitin da ƙarfi. Ya shiga. Daga nan kwamfutar ta ƙi karɓar kowane umarni na sawa ko cirewa, sai dai ta ce akwai abin da ya karye, kuma maganin da take bayarwa shi ne ta cire kusan rabin abin da ke cikinta.

A Lafia in abu ya kai nan, fomat muke yi, a goge komai a fara daga farko. Har na fara shiri, sai na ga wata takarda a cikin kwalin faifan. Makullin manhajar, wato lasisinta, an ɗaure shi da wannan tsarin da ke kan kwamfutar, in an goge sai kamfanin ya ba da sabo. Na nemi kamfanin, ya daɗe da rufewa. Na ajiye faifan a hankali kamar ƙwai.

Alhamis na wuni ina bin shafukan intanet, data na ƙarewa ina sake saye, wuta na ɗaukewa tana dawowa. Masu riguna suna leƙowa, Yaya tana ce musu gobe in sha Allahu. Ta gasa kifin da ake ta tambayata, na ci loma uku. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wajen ƙarfe huɗu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ka faɗa mini gaskiya, zai tashi ko ba zai tashi ba?" Na ce ni kaɗai ba zan iya ba. Na tambaye ta wa ya haɗa wa Usmanu kwamfutar tun farko. Ta ce wani Misiye Jak ne a bayan babbar kasuwa, amma shagonsa yana kallon na Hamma. Ta ɗauko mayafinta ta ce mu je.

Misiye Jak dattijo ne siriri mai tabarau, Kirista, ya yi zama a Mubi don haka yana jin Hausa. Shagonsa ya ba ni mamaki. Mu in mun gama aiki sai mu jefar da tarkace, shi kuwa kowace kwamfuta da ya taɓa haɗawa tana da ambulan da sunan mai ita, a jere cikin kwali. Na yi masa bayani ban rage komai ba. Ya cire tabarau ya ce, "Kai ka karanta abin da ya tambaye ka?" Na ce ban iya Faransanci ba. Ya ce, "To don me ka amsa?" Ya jawo kwali ya fito da ambulan ɗin Usmanu. A ciki akwai faifai biyu, duk fakitocin da ya sa a ranar farko, na ɓangare biyun, da jerin lambobinsu da biro. Ya ce yau ba zai iya ba, yana da taron coci, amma gobe da bakwai zai zo. Da muka fito, Alhaji Bakari yana zaune a ƙofar shagonsa yana kallonmu. Yaya ta tsallaka ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, bai tambayi komai ba.

Juma'a ƙarfe bakwai Misiye Jak ya iso. Aikin ba na gaggawa ba ne. Sai da muka fara zare fakitin da na tura da ƙarfi. Sannan muka riƙa mayar da kowane fakiti baya, biyu-biyu, na sittin da huɗu tare da na talatin da biyu a umarni ɗaya, don in ka sa ɗaya shi kaɗai kwamfutar ba ta yarda. Wani in ka ja shi baya sai ya ce shi ma akwai wasu uku da suka dogara da shi. Shi yana karanto lamba daga takarda, ni ina rubutawa, kuma duk tambayar da kwamfutar ta yi sai ya sa na tsaya ya karanta mini ita har ƙarshe. Da sha biyu ta yi ya miƙe zai je cin abinci, don su a can tsakar rana ba a taɓa musu ita. Na roƙe shi kamar zan yi kuka. Ya dube ni, ya dubi rigunan yara, ya koma ya zauna. Na je masallaci na dawo a guje, ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba.

Biyu da rabi Alhaji ya yi sallama, tare da ƙaninsa da wani mutum mai babbar riga wanda ba sai an gaya mini shi ne mai saye ba. Saura fakiti shida. Allon baƙi ne, injin a kashe. Alhaji ya tsaya ya dubi komai, sannan ya juya wajen Yaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Asabe, injin nan ya yi wata huɗu a rufe ba abin da ya same shi. Kin buɗe ɗakin sati ɗaya, ga masu gyara biyu a kansa. Ba ƙinki nake yi ba. Yaran nan nake ji wa, gara a sayar yau da sauran daraja."

Na jira ta ce ni ne. Ba ta ce ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji, Hamma." Na gane ta gwammace a karɓe injin da ta tozarta ƙaninta a gaban dangin mijinta, kuma hakan ya fi komai yi mini ciwo. Na miƙe. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. Ranar Laraba da safe injin nan yana aiki, ta ɗinka suna a gabana. Ni na lalata shi. Marigayi ya toshe wani wuri, na ɗauka rashin sani ne, na yi abin da ba a sa ni ba."

Ya kalle ni daga sama har ƙasa. "Kai ne injiniyan da aka ɗauko daga Nijeriya?" Na ce ni ne. Ƙaninsa ya yi wata 'yar dariya. Alhaji ya yi wa Misiye Jak magana da Fulatanci, ya amsa masa a taƙaice. Sai Alhaji ya ce a shimfiɗa musu tabarma a zaure, za su jira har la'asar, daga nan kuma ba zai riƙe baƙonsa ba.

Muka koma kan aikin, sau biyu ina rubuta lamba ba daidai ba. A fakiti na ƙarshe kwamfutar ta sake tsayawa da tambaya, yatsana ya tafi da kansa, Misiye Jak ya buge mini hannu. Ya karanta, ya ce wannan karon babu abin cirewa, in danna. Muka mayar da manhajar daga faifanta. Ta buɗe, ba ta nemi sabon makulli ba, don tsohon yana nan inda yake. Misiye Jak ya kulle lambobin fakitocin yadda ko wani ya sake yin irin nawa ba za su motsa ba. Ana kiran sallah muka kunna injin.

Bayan sun idar suka shigo. Na tashi daga kujerar, Yaya ta zauna. Ta ɗauki rigar farko, ta ɗaure ta a firam, ta zura zare, ta rubuta sunan yarinyar a madannan nan da suka wahalar da ni ba tare da ta kalle su ba. Allura ta fara sauka. A tsakiyar suna zare ya tsinke, ita kuwa ta tsayar da injin, ta sake zurawa, ta mayar da shi baya kaɗan, ta ci gaba. Da ta gama ta miƙa wa Alhaji rigar da hannu biyu. Bai dubi gaban ba, juya ta ya yi yana shafa bayan aikin da babban yatsa, ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa mai babbar riga ya yi haƙuri, an ɓata masa lokaci. Ya ce wa Yaya, "Haka Usmanu yake gyara tsinkewa. Allah ya sa albarka." Ya fita da sauri.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta jawo riga ta biyu, don saura fiye da hamsin kuma Litinin ake komawa makaranta. Na ƙara kwana biyu a gidan ina yanke mata zare da almakashi ina ninke riguna a tabarma. Ranar Lahadi ta raka ni tasha da ƙullin busasshen kifi in kai wa Inna. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce, "Da ka yi shiru ranar Juma'a, da na yafe maka injin, amma da ban sake kiranka ba." Ta gyara mini wuyan riga kamar lokacin da take kai ni firamare, ta ce in na isa Yola in kira ta.